Jan taru a ƙasan teku

Jan taru a ƙasan teku hanya ce ta kamun kifi inda jirgin ruwa ke jan wani babban taru a kan daɓen teku. Faifan ƙarfe biyu masu nauyi ne ke riƙe bakin tarun a buɗe, kuma yayin da jirgin ke tafiya suna kartar laka da yashi kamar yadda garma ke yi wa gona. Yana daga cikin ayyukan ɗan Adam da suka fi dagula lakar ƙasan teku.

Tasirinsa ga laka

Lakar ƙasan teku a hankali take taruwa, daga ƙasar da koguna ke kwasowa da ragowar matattun halittu. A samanta ne abinci ya fi yawa, a nan kuma tsutsotsi da sauran ƙananan halittu ke rayuwa. Idan taru ya bi ta kai, laka mai laushi kan tashi ta gurɓata ruwa, igiyar ruwa ta tafi da ita, a bar tsohuwar ƙasa mai tauri wadda ba ta da abinci sosai.

Misalin La Fonera

La Fonera wani kwazazzabo ne a ƙarƙashin Bahar Rum, kusa da garin Palamós na yankin Kataloniya a Sifaniya. Masunta na jan taru a gefunansa don kamun jan jatan lande mai tsada. A binciken da Pere Puig da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2012, na'urorin da aka kafa a ruwan sun nuna laka na gangarowa cikin kwazazzabon a ranakun aiki, amma abin kan lafa a ƙarshen mako da ranakun hutu, lokacin da jirage ke tasha. Taswirorin wurin sun kuma nuna cewa tudu da kwarin da ke gefunan sun shafe, wurin ya koma kamar gonar da aka daɗe ana nomawa. Wani binciken na 2014 ya gano cewa ƙananan halittun cikin lakar sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a inda ake jan taru.

Dokoki

Tun 2005 aka haramta jan taru a zurfin da ya wuce mita 1,000 a Bahar Rum. A 2016 Tarayyar Turai ta sa iyakar mita 800 a ruwanta na arewa maso gabashin Atlantika. Sai dai filayen kamun La Fonera ba su kai zurfin mita 1,000 ba, don haka haramcin bai shafe su ba, duk da cewa lakar da ake tayarwa tana sauka har can ƙasa.