Dara (wasa)

Dara wasa ne na dabara da mutum biyu ke bugawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ana yin sa a kan gurabe talatin, ko dai a haƙa su a ƙasa ko a sassaƙa su a jikin katako, kuma kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya goma sha biyu. Manufar wasan ita ce jera 'ya'ya uku a layi ɗaya domin a ci ɗan abokin karawa. Babu sa'a a cikinsa, domin ba a jefa komai kuma ba a ɓoye komai, lissafi da hangen nesa ne kawai. Wannan ya sa ya shiga jerin wasannin da masu rubuta manhajar kwamfuta ke sha'awar tsarawa da taskacewa.

Suna da yaɗuwa

A littattafan Turai an fi danganta dara da Dakarkari, wato Lelna na ƙasar Zuru a Jihar Kebbi ta yau. R. C. Bell ya bayyana shi da wannan suna a littafinsa na wasannin duniya da ya fito a 1960. Sai dai wasan ya wuce ƙabila ɗaya. Zabarmawan Nijar suna kiransa dili, a Mali ana kiran ɗan'uwansa wali, Baggara na Sudan kuma suna da dala. A yankunan kan iyaka irin su Bagudo, inda Jihar Kebbi ta haɗu da Jamhuriyar Benin, harsuna da dama suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, saboda haka mai binciken wasan yana buƙatar sanin sunansa a fiye da harshe guda.

A Hausa kuma kalmar dara tana da faɗi. Ana amfani da ita ga wannan wasa na jeri, da wasan zuba 'ya'ya a gurabe wanda Yarbawa ke kira ayo, har ma kafafen labarai sukan kira wasan ces da sunan dara. Kalmar ta shiga salon magana, kamar yadda ake cewa dara ta ci gida idan abu ya juyo kan mai shi.

Yadda ake bugawa

Filin da aka fi sani yana da layi biyar, kowane layi da gurbi shida. A wasu wurare ana faɗaɗa shi. Ɗaya yakan riƙe tsakuwa, ɗaya kuma guntayen kara ko tsinke, don a bambance 'ya'yan kowa. Wasan yana da zango biyu.

Zangon farko shi ne dasawa. 'Yan wasa suna ajiye ɗa ɗaya bi da bi a duk gurbin da babu kowa, har kowa ya ƙare nasa. Ba a yarda a jera uku a wannan lokaci ba. Idan an gama, gurabe 24 sun cika, saura 6.

Zango na biyu shi ne tafiya. Kowa yana matsar da ɗansa ɗaya zuwa gurbin da ke kusa, gaba ko baya ko gefe, amma ba a karkace ba. Wanda ya jera uku a miƙe sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ya ci. Wasa yana ƙarewa idan 'ya'yan ɗaya sun ragu har ba zai iya jera uku ba.

Babbar dabara ita ce a kafa 'ya'ya ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurabe biyu, duk motsin da ya yi ya cika jeri. Wanda ya samu wannan yakan cinye 'ya'yan abokinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa gwanaye suke ɗaukar lokaci a zangon dasawa, domin a nan ake gina nasara ko a rushe ta.

Dara a idon mai shirya manhaja

Tun 1950, lokacin da Claude Shannon ya wallafa maƙalarsa kan yadda na'ura za ta buga ces, aikin koya wa kwamfuta irin waɗannan wasanni ya kasu kashi uku: yadda za a wakilci fili, yadda za a binciko motsi na gaba, da yadda za a auna wa ke kan gaba.

Filin dara yana da sauƙin wakilta. Gurabe 30 suna shiga cikin lamba guda mai bit 32, don haka lambobi biyu sun isa su nuna inda 'ya'yan kowane ɓangare suke. Wuraren da za a iya jera uku guda 38 ne, 20 a kwance da 18 a tsaye. Wahalar tana wajen bincike. Hanyoyin da za a iya shimfiɗa 'ya'ya 24 a gurabe 30 sun kai kimanin tiriliyan 1.6, kafin a cire waɗanda doka ta hana.

An riga an warware wasu dangin wasan da kwamfuta. Ralph Gasser ya nuna a 1993 cewa wasan Morris mai 'ya'ya tara yana ƙarewa kunnen doki idan kowa ya buga daidai. A 2002 John Romein da Henri Bal na jami'ar Vrije da ke Amsterdam sun bi dukkan yanayi 889,063,398,406 na wasan awari, suka samu sakamako iri ɗaya. Ba a iya yin irin wannan aiki sai an tsayar da doka ɗaya tak, ba tare da wani gibi ba.

Matsalar rubuta dokoki

A gindin bishiya, idan gardama ta taso, dattawan da ke kallo su ne alƙalai. Kwamfuta ba ta da dattijon da za ta tambaya. Dole a rubuta mata amsar kowace tambaya tun kafin a fara:

- Jerin huɗu haramun ne gaba ɗaya, ko halal ne amma ba ya ci?
- Ana iya ɗauke ɗan da ke cikin jerin uku na abokin karawa?
- Idan motsi ɗaya ya cika jeri biyu, ɗa nawa ake ci?
- Me ke faruwa idan ɗan wasa ba shi da inda zai matsa?
- Yaushe ake cewa an yi kunnen doki?

Amsoshin sukan bambanta daga gari zuwa gari. Haɗarin shi ne mai manhaja ya ɗauki siga guda daga littafi, ya cike gibin da ra'ayinsa, sannan a yaɗa ta a wayoyi a matsayin ita ce dara. Idan haka ta faru, sigogin da ke bakin mutane suna iya ɓacewa ba tare da an taɓa rubuta su ba.

Yadda ake tsara bayanan

Masu shirya manhajar ces sun daɗe da fuskantar wannan buƙata. A 2007 Mark Lefler ya kafa Chess Programming Wiki, Gerd Isenberg kuma ya zama babban mai rubuta shafukanta. An raba taskar bisa kashi ukun nan na wakilci da bincike da auna matsayi, aka ƙara shafuka na manhajoji da na mutanen da suka rubuta su, kowane shafi yana nuni ga maƙalun da aka samo bayaninsa. Da kamfanin Wikispaces ya rufe a 2018, sai da aka kwashe taskar zuwa manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke amfani da ita. Wannan ya nuna amfanin ajiye kwafi da kuma lasisin da ya ba kowa damar kwafa.

Ga wasannin gargajiya, aikin da ya fi kusa shi ne Digital Ludeme Project na jami'ar Maastricht a ƙasar Holan, wanda Cameron Browne ya jagoranta daga 2018 zuwa 2023. Manhajarsu mai suna Ludii tana rubuta kowane wasa da ƙananan tubalan doka, kamar fili da motsi da sharaɗin ci. Wasa ɗaya yana iya samun sigogi da yawa, kowace da shaidar inda aka gan ta da lokacin da aka rubuta ta.

Daga waɗannan misalai, taskar da za ta yi wa dara adalci tana buƙatar abubuwa kamar haka:

- shafin rarrabe suna, wanda zai raba darar jeri da ta zubi da ces;
- shafi dabam ga kowace siga, da sunan garin da aka ɗauko ta;
- ƙamus na kalmomin wasan a Hausa da C'lela da Zabarmanci;
- tsayayyar hanyar rubuta motsi, misali haruffa A zuwa F da lambobi 1 zuwa 5, kamar yadda ces ke da tsarin PGN;
- cikakkun wasannin gwanaye da aka rubuta daga dasawa har ƙarshe, don gwada manhaja da su.

Amfani a karatu

Dara ta dace da ɗalibin da ke fara koyon rubuta manhaja. Filinta ƙarami ne, dokokinta kaɗan ne, amma tana ɗauke da duk matakan da ake bi a manyan wasanni. Aikin kuma yana da ɓangaren da ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan, wato zama da masu bugawa a dandali, a tambaye su doka ɗaya bayan ɗaya, a rubuta amsar tare da sunan garin da ranar da aka ji ta.