Ƙarar Babura a Bayan Makara: Daga Kansas zuwa Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 2005, lokacin da akwatunan gawar sojojin Amurka suke ta dawowa gida daga Iraƙi, wata 'yar ƙaramar majami'a da ke birnin Topeka na jihar Kansas, mai suna Westboro, ta ɗauki wata ɗabi'a da ta girgiza mutanen ƙasar. Mabiyanta, ƙarƙashin jagorancin Fred Phelps, sukan je wurin jana'izar soja su tsaya a bakin hanya da kwalaye, suna shelar cewa mutuwarsa azaba ce da Ubangiji ya saukar wa Amurka. Uwa na kuka, su kuma suna ihu. Doka ba ta iya rufe musu baki ba. Ko da mahaifin wani soja, Matthew Snyder, ya kai su ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2011, alƙalai takwas cikin tara, cewa 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare su.

Waɗanda suka samo dabara tsoffin sojoji ne masu sha'awar hawan manyan babura, a wani ƙaramin gari da ake kira Mulvane, a jihar ta Kansas. Idan iyalan mamaci suka gayyace su, sai su zo su yi sahu riƙe da tutoci, su zama katanga tsakanin masu makoki da masu zagi. In ihu ya yi yawa su murɗa totur, ƙarar injuna ta haɗiye shi. Daga nan ƙungiyar Patriot Guard Riders ta samo asali, ta bazu a duk jihohin ƙasar. Da masu zanga-zangar suka ja baya, aikin bai mutu ba, sauya fuska ya yi: suka koma raka gawar tsohon sojan da ya mutu ba dangi, ba mai binne shi. Ba a biyan su ko sisi.

Wanda ya tashi a Wara ko Libata ko Birnin Yauri zai ji wannan labari da mamaki iri biyu. Na farko, yaya za a yi mutum ya je wurin jana'iza don ya yi zagi? Na biyu, yaya za a yi gawa ta rasa masu raka ta har sai an kafa ƙungiya? A ƙasar Ngaski, kamar sauran ƙasar Hausa, sallar gawa da binne ta farilla ce a wuyan al'umma, in wasu suka yi sun ɗauke wa saura. Dattijo ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an kai shi makwanci. Babura kuwa suna zuwa, don yau da wuya a isa ƙauyukan bakin ruwa da wani abin hawa in ba babur ko jirgin ruwa ba. Waya ɗaya za a buga, sai ka ga 'yan kabu-kabu sun ɗauko mutane bibbiyu, uku-uku, sun jingine mashinansu a inuwar masallaci. Malaman mazhabar Malikiyya ma tun da daɗewa sun tsara wa mahayi wurinsa a rakiyar gawa: masu tafiya a ƙasa su wuce gaban makara, wanda ke bisa abin hawa ya biyo baya. Da doki da jaki suke nufi, amma hukuncin ya zauna daidai a kan Boxer da Jincheng.

Saboda haka tsohon soja a nan ba ya rasa jama'a ranar mutuwarsa. Abin da yake rasawa wani abu ne daban, kuma tarihin wannan rashi ya haura shekara ɗari.

Rundunar da ta zama sojan Najeriya tana da alaƙa da wannan bakin kogi fiye da yadda aka saba faɗa. A 1897 Faransawa suka shiga Busa, Ingila ta ga cewa Kwara na neman kuɓuce mata, sai ta ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda ta yi sansani a Lakwaja da Jaba. Rikicin Bargu ya ƙare a teburin sulhu a 1898, amma rundunar ta zauna, kuma ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce harshen barikinta, har hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawar Hausa. Daga nan muka gaji kalmomin kurtu da kofur da saje da samanja. A wannan yanki, ƙasar Zuru, maƙwabciyar Yawuri, ita ta fi kowa ba da 'ya'yanta, har aikin soja ya zama kamar gado a wurin Dakarkari. Ba banza ba ne daga can aka sami Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau sarautar Zuru.

Waɗannan su ne sunayen da suka tsira. Na ƙasa da su fa?

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, an kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama don su kara da Japan. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. An neme su ta hannun sarakuna da hakimai, wasu da son ransu, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa. A kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan, inda mota ba ta shiga, da ka suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci, jiragen sama na jefo musu guzuri daga bisa. Bataliya uku ta 'yan Najeriya ta shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. A Janairun 1945 suka karɓe garin Myohaung. Duk wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dodan ko Arakan ko Myohaung a Legas, ko Kalapanzin da Dalet a Kaduna, sunayen wuraren da aka zubar da jinin waɗannan mutane yake karantawa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin lura shi ne sunan wuri aka adana, aka bar sunan mutum. Kaɗan ne irin Chari Maigumeri, samanjan da ya fara aikin soja a hannun Jamus a Kamaru, ya koma na Ingila a 1917, ya yi Habasha ya yi Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka kuma sa wa barikin Lakwaja sunansa.

Wannan mantuwa ba tsautsayi ba ce. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoton binciken da ta yi wa kanta. Ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu wa Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin zai iya kai wa 350,000. Baturen da ya faɗi a Faransa an kafa masa dutse da sunansa da lambarsa. Baƙin da ya faɗi yana ɗauke da kayan Bature an ce ai mutanensa ba su san darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A yaƙi na biyu an ɗan gyara: a maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu. Sai dai akawun bariki yakan rubuta kurtu da sunansa da na garinsu kawai, don haka jikan da zai je neman kakansa zai tarar da suna iri ɗaya a jere, ba uba ba unguwa.

Waɗanda suka dawo da rai ma ba su sha da daɗi ba. Kuɗin sallamar da aka ba sojan Afirka bai kai rabin na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disamba 1944, Faransa ta buɗe wuta kan sojojinta baƙaƙe da suka nemi haƙƙinsu. A Ankara ta Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe tsoffin sojoji uku da ke tattaki da takardar koke, tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin ƙasar. A Arewa babu irin wannan babbar arangama. Mazan jiya sun watsu cikin garuruwa, wani ya zama ɗan doka, wani masinja a ofishin En'e, wani direba, wani ya koma gona da komarsa. A bakin Kwara kuma sai ruwa ya ƙarasa aikin da akawu ya fara. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutum wajen 44,000 daga tsibirai da garuruwan gaɓa, Gungawa da Kambari da Sarkawa da Busawa, tsohuwar Busa ta nutse. An kwashe rayayyu zuwa sababbin gidaje. Maƙabartu suna ƙarƙashin tafki.

Najeriya mai 'yanci ta yi nata tsari. An kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa da doka a 1964. Ranar tunawa da su, wadda a da ake yi 11 ga Nuwamba tare da Ingila, aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Kowace shekara gwamna zai ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru, a sayar da tambarin da manya ke maƙalawa a ƙirji. Wanda ya mutu a bakin aiki, in yana da girma ko mutuwarsa ta yi amo, akan kai shi maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, a lulluɓe shi da tuta, a harba bindiga. Haka aka yi wa Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Haka aka yi wa sojoji 17 da aka kashe a Okuama a Maris na 2024. Amma kofur ɗin da ya shiga soja a 1967, lokacin da rundunar ta kumbura daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000, aka sallame shi bayan yaƙi ya koma ƙauye, shi tutarsa ita ce takardar fansho. Kuma sau nawa muka ga tsoffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman abin da yake nasu? A ganina, begilar 15 ga Janairu ta fi yi wa masu mulki amfani fiye da wanda ake busa ta dominsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa hoton Kansas ba zai kwafu a nan yadda yake ba, ko da wani ya yi sha'awa. A Amurka jerin babura hamsin alamar girmamawa ce. A ƙasar Yawuri da Zuru yau, wanda ya jiyo ƙarar babura hamsin daga nesa ba ya tsayawa tambaya, daji yake shiga da 'ya'yansa. Tun a watan Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, Kebbi na ciki. A Yulin 2022 Abubakar Malami, ministan shari'a kuma ɗan jihar, ya ce gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babur a ƙasa baki ɗaya, maganar da ba ta tabbata ba, don in an hana shi an tsayar da rayuwar karkara. Abin hawan da ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai ta'aziyya, shi kuma ke kawo ɓarayin daji.

Mako huɗu na shekarar 2021 sun isa misali. Ranar 21 ga Mayu jirgin sama ya faɗi a Kaduna da shugaban sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu hafsoshi. Washegari aka binne su a Abuja da cikakken faretin soja, jama'a na ta ƙorafin cewa shugaban ƙasa bai halarta ba. Ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa maƙare da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara, hedikwatar Ngaski. Masunta da masu kwale-kwale na yankin ne suka yi kwanaki suna tsamo gawa, ba wanda ya ɗauke su aiki. Ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kashe ɗan sanda, suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai 2023.

Masu aikin sa-kai a kan babura suna nan a wannan ƙasa, sai dai ba rakiyar gawa ce ta tara su ba. Manoma ne da mafarauta da suka ɗauki bindigar toka don kare garuruwansu, kuma tarihinsu ba fari tas ba ne, domin an sha zargin wasunsu da kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba, abin da ya ƙara wa wutar mai. A farkon Maris na 2022 aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Sakaba, aka kashe fiye da 60 a dare ɗaya. Kwana biyu bayan haka, a Kanya ta Danko-Wasagu, aka far wa tawagar mataimakin gwamna Samaila Yombe Dabai, shi kansa kanar mai ritaya, sojoji fiye da goma suka mutu. Sojojin suna da lamba da fayil, magadansu na da ofishin da za su je su bi haƙƙi, ko da za a ja musu rai. 'Yan sa-kan Sakaba kuwa ƙauyukansu ne suka je suka kwaso su, suka yi musu sutura.

Yaron da hakimi ya miƙa wa Bature a 1943 yana ɗan shekara 18, an haife shi ne a 1925. Kurtun 1967 da ya shiga yana ɗan 20, yanzu yana dab da 80, kuma a garuruwa irin su Yelwa da Wara da Shanga, yawancin abin da ya gani a Onica ko Ore yana cikin kansa ne kawai, da wata tsohuwar takardar sallama a ƙasan adaka.