Mutunci: yadda mutum ke ganin kansa a idon jama'a

A garin Kafin Hausa da ke masarautar Haɗeja a jihar Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a cika ba da aure ba sai an yi bincike.

Dangin yarinya kan tuntuɓi maƙwabtan saurayi da limamin unguwarsu da abokan sana'arsa. Abin da saurayin ya faɗa game da kansa ba ya da nauyin shaidar da waɗannan mutane za su bayar.

Masana halayyar zaman jama'a sun daɗe suna nazarin wannan lamari. A shekarar 1902 wani masani ɗan Amurka, Charles Horton Cooley, ya kwatanta jama'a da madubi. A cewarsa, mutum kan ƙiyasta yadda wasu ke kallonsa, da hukuncin da suka yanke masa, daga nan sai ya ji alfahari ko kunya.

Mutumin kirki

A wani ɗan littafi mai suna Mutumin Kirkii da aka buga a 1974, Baturen Ingila Anthony Kirk-Greene ya zayyana halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci.

Abin lura shi ne, kusan dukkansu sai a cikin mu'amala suke bayyana. Harshen ma ya nuna haka: ana cin mutuncin mutum, ana kare masa shi, yana kuma iya zubewa a bainar jama'a.

Sai dai madubin ba ya nuna kowa daidai wa daida, kuma a nan ne mabiya Karl Marx ke sukar irin tunanin Cooley, suna cewa bai ba wa matsayi da dukiya muhimmancin da ya kamata ba.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a 1959 cewa asali da sana'ar gado na cikin manyan ma'aunan daraja a wajen Hausawa, inda aka fifita masu sarauta da malamai a kan mahauta da makaɗa.

Kenan saurayi na iya cika halaye goman nan, amma a hana shi aure saboda sana'ar kakansa.