Daga Kunnen Bakanike zuwa Na'urar Duba Mota

Mu da muka tashi a gareji a ƙasar Kafur da Malumfashi, Fijo muka buɗe ido muka gani. Kamfanin haɗa ta a Kaduna ya fara aiki a 1975, daidai lokacin da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya kankama da tallafin Bankin Duniya. Taki ya shigo, masara da auduga suka yi albarka, akori-kura ƙirar 404 da tasi 504 suka cika hanyoyin Mahuta, Gozaki da Masari. Injinsu ba ya ɓoye ciwonsa. Maigida zai sa a tayar, ya karkata kunne, ya sa tafin hannu a bakin salansa, ya kwance fulogi ya dubi launinsa. Idan ya yi baƙi ƙirin, ya san kafireta na zuba mai fiye da ƙima. Sai ya ce, "Yaro, kawo sha biyu da sukundireba." Kafin la'asar mota ta koma lodi.

Bayan 1986 darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai 'yan Kwatano suka maye gurbi. Golf ce ta fara karɓe tashoshi, daga baya Sharon da 406 da Honda da Toyota. A nan sana'ar ta juya mana baya, domin waɗannan injekta gare su, kuma akwai ƙwaƙwalwa da ke auna iska da mai da zafi. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Ma'anarsa, kowace mota tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, da fitila mai ruwan ɗorawa da siffar inji a gaban direba.

Shekaru da dama wannan fitila ba ta da mai karanta ta a yankinmu. Wasu kanikawa suka riƙa cire kan batir don ta mutu, wasu suka zare ƙwanta, wasu suka liƙe ta da baƙin salatif. Mafi muni shi ne canke. A ce wa mai mota ya sayo famfon mai, bai yi ba. Ya sayo nozul, bai yi ba. A ƙarshe a ce ƙwaƙwalwa ce, ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Na ga manomin da ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye don cefane a kan matsalar da asalinta tiyon iska ne ya tsage. Irin wannan ne ya zubar mana da mutunci, har aka fara yi wa duk mai baƙin mai a riga kallon macuci.

Na'urar dubawa, irin su Launch da Autel, ta fara zuwa ne ta hannun masu wayarin na Kano da Kaduna da Zariya, da tsada sosai. Yanzu kuwa akwai ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu, yaran gareji ma suna da ita. Amma sai wata sabuwar cuta ta ɓullo: a jona na'ura, a goge lambar matsalar da ta nuna, fitila ta mutu, a karɓi kuɗin gyara. Bayan kwana biyu ta dawo.

Abin da nake so masu mota su riƙe shi ne, na'ura tana nuna inda mota ke kuka ne, ba ta cewa ga abin da za a saya. Misali, lambar P0300 na nufin inji na tsallake wuta, kuma fulogi na iya jawo shi, ko koyil, ko gurɓataccen man 'yan bumburutu. P0171 na cewa iska ta rinjayi mai; ƙurar hunturu a kan na'urar auna iska kaɗai ta isa. P0420 na yawan fitowa a motocin da aka fasa salansarsu aka kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki. P0128 kuwa sau da yawa laifin al'adarmu ce ta cire tamostat da ɗaure fanka kai tsaye, inji ya ƙi ɗaukar zafin da ya kamata, ya yi ta shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, wannan asara ta daina ɓoyuwa.

Saboda haka idan Alhaji ya kawo mini mota nakan ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga lambar da idonka, ka ɗauki hotonta." A raba kuɗin dubawa da kuɗin gyara tun farko. Kada a goge komai sai an gwada abin da ake zargi, kuma a miƙa wa mai mota tsohon kayan da aka cire. In fitilar a tsaye take, ana iya lallaɓawa a kai gareji. In tana ƙyaftawa, a sauka gefen titi a kashe inji, ko da kuwa ranar kasuwar Dandume ce kuma an cika ta da kaya.