BABI NA UKU: TARIHIN FARAUTAR KURCIYAR ƘAURA A AMURKA TA AREWA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan wata irin kurciya da ta taɓa rayuwa a gabashin Amurka ta Arewa, wadda za a kira kurciyar ƙaura saboda yawan tashinta daga wannan daji zuwa wancan. Masana sun ƙiyasta cewa yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5 kafin Turawa su mamaye ƙasar, amma a shekarar 1914 ta ƙare ƙurmus. Manufar babin ita ce a nuna cewa mutane sun daɗe suna cin wannan tsuntsuwa ba ta ragu ba, sai da farautarta ta koma fatauci sannan ta ƙare.

3.1 Kamanninta da Rayuwarta

Kurciyar ƙaura ta kusan tantabara girma, sai dai ta fi ta dogon wutsiya. Abincinta 'ya'yan manyan itatuwan daji ne masu ɓawo, kuma ba ta zama sai a cikin garke. Alal misali, masanin tsuntsaye John James Audubon ya ba da labarin garken da ya gani a Kentaki a 1813, wanda ya kwana uku yana wucewa. Haka kuma a 1871 tsuntsayen sun yi sheƙa a jihar Wiskonsin a filin da ya kai murabba'in mil 850. Duk da wannan yawa, ƙwai ɗaya tak macen take sakawa a sheƙa. Bayan kamar mako biyu da ƙyanƙyashewa sai iyaye su tafi su bar ɗan shila ya yi ƙiba, har ya faɗo ƙasa kafin ya iya tashi.

3.2 Farauta Don Ci

'Yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Seneka, sukan tare a gefen dajin da aka yi sheƙa a lokacin bazara. Sukan kaɗo 'yan shila da dogayen sanduna, su ci wasu nan take, su ƙyafe saura don ajiya. Kitsen kuwa a narka shi a adana, ya zama man girki. Wasu daga cikin ƙabilun ba su yarda a kashe iyayen ba muddin suna kan renon 'ya'ya.

Da Turawa suka zo, su ma suka rungumi wannan nama. Bayan an fige an gyara, akan dafa shi da romo, ko a gasa, ko kuma a rufe shi da kwaɓaɓɓiyar fulawa a sa a tanderu. Wanda ya yi saura a barbaɗe shi da gishiri a cusa a ganga saboda hunturu. Manomi yakan harbe ta don kare gonarsa, talaka kuma ya sami nama mai araha. A wannan zamani iyakar abin da mutum zai kashe shi ne abin da gidansa da kasuwar garinsu za su iya cinyewa kafin ya ruɓe.

3.3 Farauta Don Fatauci

Abubuwa biyu ne suka kawar da waccan iyaka, watau jirgin ƙasa da wayar tangaraho. A 1850 tsawon layin dogo a Amurka bai wuce kimanin mil 9,000 ba, amma a 1880 ya haura mil 90,000. Da zarar garke ya sauka a wani daji sai a buga waya, mafarauta su hau jirgi su iso cikin 'yan kwanaki. Jirgin nan kuma shi zai kwashi gangunan nama, an zuba musu ƙanƙara, zuwa manyan birane kamar Shikago da Boston. Da haka aka sami mutanen da ba su da wata sana'a sai bin kurciya daga jiha zuwa jiha.

Dabarun kamun ma sun canja. Akan share fili a zuba hatsi ko gishiri, a ɗana babbar raga. Sai a kawo kurciya mai rai a ɗinke mata idanu, a ɗaure ta a kan wani ɗan katako ana ɗagawa ana saukewa, 'yan uwanta su zaci abinci ta samu, su sauko raga ta rufe su. Wasu sukan ƙona farar wuta a gindin itatuwa hayaƙi ya zubo da tsuntsaye, wasu kuma su sare itacen gaba ɗaya don su tsince 'yan shila. A sheƙar Petoski ta jihar Mishigan a 1878, an ƙiyasta cewa ana kashe kimanin 50,000 a kowace rana har tsawon watanni. Idan aka yi la'akari da ƙwai ɗaya da take sakawa, za a ga cewa an haɗa uwa da ɗa an kashe, ba a bar na maye gurbi ba. Bugu da ƙari, sare dazuzzuka don noma ya rage mata abinci.

3.4 Doka da Ƙarewa

Tun a 1857 aka kai ƙudurin kare ta gaban majalisar jihar Ohayo, amma kwamitin da ya duba ya ce yawanta ya sa ba ta bukatar kariya. Sai a 1897 jihar Mishigan ta hana farautarta na shekara 10, a lokacin da ganinta ma ya yi wuya. A watan Maris na 1900 wani yaro ya harbe ɗaya a Ohayo, tana cikin na ƙarshe da aka samu a daji. A wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. Ta ƙarshe a duniya, wadda ake kira Marta, ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914, aka daskare gawarta a ƙanƙara aka aika gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. A 1916 Amurka da Birtaniya, a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, Amurka ta mai da ita doka a 1918.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna matakai biyu na farautar kurciyar ƙaura. A mataki na farko bukatar gida ce take auna yawan abin da za a kashe, a na biyu kuwa kuɗin kasuwar nesa ne. Tsakanin sheƙar Wiskonsin da mutuwar Marta shekara 43 ce kacal, watau ƙasa da rayuwar mutum guda. Dokokin da aka kafa sun amfani sauran tsuntsaye, ita kuwa sun zame mata ihu bayan hari.