Daga Gafaka Zuwa Kanta: Yadda Littafi Ya Yi Nisa da Tambuwal da Kebbe

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu zuwa Tambuwal tana ratsa ƙasar da ta daɗe da sanin littafi. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙaninsa Abdullahi ya mayar da Gwandu matattarar almajirai, ɗansa Muhammadu Buhari kuma, wanda malami ne kuma mawaƙi, ya zauna a Tambuwal, inda sarauta ta tabbata a gidansa. Amma a yau ɗalibin Tambuwal da ke neman babban ɗakin karatu sai ya yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato, na Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka. Tarihin wannan tazara tarihi ne na yadda littafi ya bar hannun mutane ya koma hannun hukuma, sannan hukumar ta tsaya a babban birni.

A ƙarni na 19 ɗakin karatu shi ne zauren malami. Littattafai rubutun hannu ne, warƙoƙi marasa ɗinki, a cikin tadarishi da gafaka. Mai son littafi yakan je wurin mai shi ya karanta a gabansa, ya nemi izinin kwafa, ya koma garinsu da nasa. Ta haka littafi guda yakan haifi goma. Mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a cikin waƙe su koma su koyar da 'yan uwansu. Ilimi ne ke zuwa inda mutane suke.

Tsarin yana da rauninsa. Littafi dukiyar gida ce, ana raba shi a gado, gara na ci, ruwa na jiƙawa, gobara na cinyewa. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya dawo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Euclid da Larabci. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa da aka samo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Idan haka ta sami gidan Sarkin Musulmi, ina ga malamin ƙauye?

Ɗakin karatu na kowa da kowa, wanda ake shiga ba tare da neman izinin maigida ba, baƙo ne da ya zo a zamanin Turawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa ƙarƙashin En'e, da nufin yaɗa labarin yaƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ita ce babban abin da ke jawo mutane. A 1952 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatun En'e. A wannan zamani ne aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya kuma ta riƙa buga ƙananan littattafan Hausa masu araha ga waɗanda suka koyi karatu da girmansu.

Ɗakunan ba su cika ba. Littattafansu kaɗan ne, masu kula da su kuma ba su da horo. Shi ya sa aka gayyato F. A. Sharr daga Ostareliya, wanda ya rubuta rahoto a 1963 kan bukatun Arewa ta fuskar laburare, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta fara horar da ma'aikatan laburare a 1968. Duk da haka, tsarin yana da abu guda mai daraja: akwai hukuma a kusa da jama'a wadda aikin ke wuyanta, akwai kuma cibiya da ke ciyar da ita da littattafai.

Rabe-raben jihohi ya tsinke wannan igiya. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, yankin ya koma Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, har Kebbe ta wayi gari a bakin iyaka tsakanin jihohin biyu. Abin da aka gina mai ƙarfi a birni aka gina shi: laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake adana rubuce-rubucen magabata. Taskoki ne masu daraja, amma na masu bincike ne. Yaron firamare a Kuchi ko Dogon Daji ba zai kai gare su ba.

A matakin ƙasa kuwa, nauyin ya zame daga takarda. Ƙa'idojin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sun lissafa laburare da ɗakunan karatu cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta iya ɗauka. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da maƙabartu, ya ambaci hannu a ilimin firamare da na manya, amma bai kira sunan laburare ba. Abin da ba a ɗora wa kowa ba shi ne farkon faɗuwa daga kasafi. Shirin UPE na 1976 da dokar UBE ta 2004 sun ƙara yawan azuzuwa da ɗalibai. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ɗan asalin garin, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Sai dai aji yana koya wa yaro haɗa baƙi ne kawai. Idan bai sami abin karantawa bayan an tashi ba, karatun yakan dushe.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, majalisun Tambuwal da Kebbe za su iya yin abin da En'e ta yi da ƙaramin ƙarfi: ɗaki guda a kowace hedikwatar gunduma, ma'aikaci mai horo, fitilar sola, da akwatin littattafan Hausa, Larabci da Turanci da ke zagaya makarantu. Gidajen malamai kuma a je musu da na'urar ɗaukar hoto a kwafi warƙoƙinsu, asalin ya zauna a hannun masu shi, kafin gara ta riga kowa.