ZIYARA ZUWA DURƁI TA KUSHEYI: KABURBURAN SARAKUNAN FARKO NA KATSINA DA DARASIN DA KE CIKI GARE MU



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A kakar da ta wuce wata hidimar biki ta kai ni Katsina daga nan Assakio, na bi ta Lafiya da Akwanga na hau Kaduna da Zariya. Bayan an watse daga biki mai masaukina ya ce zai kai ni Gobarau da Gidan Korau, wuraren da kowane baƙo yake zuwa. Na ce masa waɗannan na taɓa gani, ni wannan karon ƙauye nake so. Shi ne muka kama hanyar gabas, muka shiga ƙasar Mani, muka nufi wani ɗan ƙauye mai suna Durɓi ta Kusheyi, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga birnin Katsina.

Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin. Kusheyi jam'in kushewa ne, wato kaburbura. Idan ka isa ba za ka ga soro ko ganuwa ba. Gonakin gero da dawa za ka gani, da manyan kukoki, sai wasu tuddai na ƙasa da suka taso a tsakiyar fili. Wanda bai sani ba zai ɗauka tudu ne kawai irin na ko'ina. Amma hannun mutum ne ya tara su, kuma a ƙarƙashinsu manyan mutane ne kwance, tun ɗaruruwan shekaru kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Wani dattijo da muka tarar a gindin kuka ya yi mana jagora. Da na gaishe shi na ce, "Baba, daga ƙasar Lafiya nake, na zo ganin kusheyi," sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka sha hanya. Na kusa ba su cika zuwa ba, sai na nesa." Wannan magana ta zauna mini a rai har na dawo gida.

SU WANE NE DURƁAWA?

Bisa labarin da aka gada a baka, sarkin Katsina na farko shi ne Kumayau, wanda ake dangantawa da zuriyar Bayajidda ta Daura. Daga shi sai Ramba-Ramba, da Batare-tare, da Jarnanata, har zuwa Sanau. Wannan gida shi ake kira Durɓawa, kuma a wannan yanki na Mani aka ce suka zauna tun birnin Katsina bai zama cibiyar mulki ba.

Labarin ƙarshen mulkinsu sananne ne a ƙasar Katsina. An ce wani mutum mai suna Korau ya zo daga 'Yandoto, ya kasance abokin Sanau. A wancan zamani sarki yakan fito kokawa a gaban jama'a, kuma Sanau yana da asirin da ba a kayar da shi. Korau ya samu sirrin ta hannun matar sarki, ya kayar da shi a gindin wata tsamiya, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan Gajere da ake miƙa wa sabon Sarkin Katsina har yau, da Korau ake danganta shi, haka ma sunan fadar, Gidan Korau. Masana tarihi suna sanya mulkin Muhammadu Korau a wajen tsakiyar ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi.

Abin lura shi ne, ba a share sunan waɗanda aka kayar ba. Sarautar Durɓi ta ci gaba a Katsina, ta tsallake zamanin Haɓe, ta tsallake zuwan Ummarun Dallaje a 1807, ta tsallake zamanin Turawa. Har yanzu Durɓin Katsina shi ne Hakimin Mani, kuma yana cikin masu zaɓen sarki. Magabata sun san cewa ko mulki ya sauya hannu, ba a yanke igiyar asali.

TONO NA FARKO DA TONO NA BIYU

Sau biyu aka buɗe waɗannan tuddai, kuma bambancin da ke tsakanin biyun shi ne babban darasin da na kwaso.

Na farko a 1907 ne, farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. Baturen mulki H. R. Palmer, wanda daga baya ya shugabanci Arewa baki ɗaya, shi ya sa aka tona. An samu kaya, amma ba a bar cikakken bayanin aikin ba, kuma abin da aka fitar ya ɓace. Yau ba wanda zai iya ɗauko su ya auna shekarunsu. Kabari kuwa sau ɗaya ake tona shi. In an tona ba a rubuta ba, shi ke nan, labarin ya tafi.

A 1959 hukumar kula da kayan tarihi ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ba tuddan kaɗai aka sanya ba, har da kukokin da ake kira Kukar Katsi da gurbin wata tsohuwar kuka mai suna Kukar Kumayau. Wannan ya nuna cewa a wurin mutanen da, itatuwan nan suna da matsayi a al'ada da tsafi, kamar yadda tsamiya da kuka suke da shi a garuruwan Hausa da yawa kafin Musulunci ya zauna da gindinsa.

Tono na biyu a 1992 ne, lokacin da masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka buɗe tuddai uku. A kowane ɗaya mutum guda aka tarar a tsakiya, tare da kayansa. Wannan karon an adana komai. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka bincika, sannan a 2014 aka dawo da su Najeriya.

ME AKA SAMU A CIKI?

An samu 'yan kunne da zobe na zinariya, da mundaye na tagulla da jan ƙarfe, da awarwaron hauren giwa. An samu duwatsun ado na gilashi da na jan dutse, da wuri irin kuɗin da, da guntayen tufafi da fata da katako. An kuma samu wata tasa ta tagulla mai zane, wadda masana suka ce aikin ƙasashen Gabas ta Tsakiya ce. Gwajin da aka yi ya nuna kaburburan sun faɗa tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Mu ɗan tsaya a nan. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa. Tasa daga ƙasashen Larabawa. Kafin su iso wannan ƙauye na Mani sai da suka ratsa teku da hamada a hannun fatake, daga wannan zango zuwa wancan. Ke nan tun shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai da suka wuce, ƙasar Hausa tana da masu arziki da masu mulki da ke ciniki da duniya. Wanda yake cewa Bahaushe bai san waje ba sai da Bature ya zo, ga amsarsa nan a binne cikin ƙasa.

Abu na biyu, wasu daga cikin kaburburan na zamanin Korau ne ko bayansa, lokacin da Musulunci ya riga ya shiga fadar Katsina, har Shehu al-Maghili ya zo ya koyar a ƙarshen ƙarni na 15. Amma ga shi a nesan rabin yini da birni ana binne manya da zinariyarsu da tasarsu, abin da ba koyarwar Musulunci ba. Wannan yana nuna mana addini bai shiga ƙasar nan dare ɗaya ba. A hankali ya shiga, ta hanyar malamai da 'yan kasuwa, tsara bayan tsara. Sanin haka yana ƙara wa mutum ganin ƙimar wahalar da malaman farko suka sha.

TO, YA HALATTA A JE IRIN WANNAN WURI?

Na san wani zai tambaya, domin ni ma da na dawo an tambaye ni: me ya kai ka kaburburan Maguzawa? Amsata ita ce, ban je neman tubarraki ba, ban roƙi kowa komai ba. Na je na ga ƙarshen waɗanda suka yi mulki suka tara dukiya, yau ga manomi yana kaftu a gefen kabarinsu, sunan wanda ke ciki ma sai an yi gardama. Idan wannan bai zama wa'azi ba, ban san me zai zama ba. Gudun shirka wajibi ne, amma bai kamata ya zama dalilin rushe shaidar tarihi ko jahiltarta ba.

MU KOMA GIDA

Dalilin da ya sa na rubuta wannan a shafinmu shi ne, mu ma a nan ƙasar Lafiya muna zaune a kan tarihi. Maƙwabtanmu Alago, na Assakio da Keana da Doma da Obi, suna danganta asalinsu da Kwararrafa, daular da ta kai yaƙi har Kano a ƙarni na 17. Gishirin Keana da na Awe ya daɗe yana jawo fataken Hausawa zuwa wannan yanki, kuma wasu daga cikinsu suka zauna suka hayayyafa. Lafiya kanta Barebari ne suka kafa ta ƙarƙashin Dunama a ƙarshen ƙarni na 18. Duk waɗannan mutane sun bar sawu: tsofaffin unguwanni, zango, rijiyoyi, maƙabartu, masallatan farko, wuraren al'ada na masu gari.

Tambaya ita ce, mu nawa ne za mu iya faɗin wanda ya fara gina masallacin unguwarmu? Daga wane gari kakan kakanmu ya taso, Kano ko Katsina ko Zariya ko Bauchi, kuma me ya kawo shi, gishiri ne ko fatauci ko almajiranci? Dattawan da suka san amsa suna nan a zaure, kuma kowace shekara muna raka wasu maƙabarta. Dattijo ma kamar tudun Durɓi yake: in ya tafi ba a rubuta ba, an yi tonon 1907.

Shawarata ga matasanmu ba mai tsada ba ce. Kowa yana da waya. Ka je wurin kakanka ko limamin unguwa da ɗan goronka, ka nemi izini, ka naɗi maganarsa. Ka tambayi sunaye da wurare, da sarkin da ake ciki lokacin da abu ya faru, domin da sarauta mutanen da suke lissafin shekaru. Kada ka manta da tsofaffi mata, su ne suka fi riƙe zumunci da salsala. Ka ɗauki hoton tsohon gini kafin a rushe a sa bulo. Idan wurin al'adar maƙwabtanmu ne, a nemi yardar masu shi da ta fada, a kiyaye abin da suka ce a kiyaye. Girmama tarihin wani shi ne matakin farko na zaman lafiya da shi. Wanda kuma ya ci karo da tukwane ko ƙarafa na da a gonarsa, kada ya sayar wa dillali, ya sanar da mai unguwa a kai maganar ga masana tarihi, irin waɗanda ke Jami'ar Tarayya ta Lafiya.

Da za mu tafi, dattijon nan na gindin kuka ya raka mu har bakin hanya, ya ce in gaida mutanen Lafiya. To, na isar da saƙo. Wanda ya samu hali ya je Katsina, ya ware rabin yini ya leƙa Durɓi ta Kusheyi, gani ya kori ji. Wanda bai samu ba, ya fara da zauren gidansu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.